Takardar Inji da Na Ƙi Dubawa

Agadas, Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗana Attahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sauke ka Yamai lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka zauna. Na ba innarka wannan takarda ta sa maka a ƙasan jaka, don na san halina. In na zaunar da kai zan yi maka magana, kafin a jima ta koma faɗa. A rubuce kuwa ba ni da muryar da zan ɗaga.

Tun ranar da aka kira ka a salula aka ce garajin nan ya ɗauke ka nake jin ɗanɗanon abinci. Shekara biyu kana tuƙi a hanyar zinariya can arewa, ni da innarka ba mu da aiki sai sauraron ƙarar mota a ƙofar gida. Yanzu za ka tsaya wuri ɗaya, ƙarƙashin rufi, kana aikin motocin gudu irin waɗanda ake shiga tsere da su, ga kuma na'urar nan da ake ɗora mota a kanta ta zana ƙarfin injin a takarda. Alhamdu lillahi. Ban san girman nauyin da ke ƙirjina ba sai da ya sauka.

Ba zan cika ka da labarin gida ba. Kurakuraina nake so in ba ka, don su ne abin da na fi sani game da inji.

Lokacin da ƴan yawon buɗe ido suke cika garin nan, ina tuƙa wata tsohuwar katkat, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, mai shan gazuwal, wato dizil, da kakanka ya bar mini. Ba ta da gudu, amma ba ta taɓa yashe ni a daji ba. Sai wasu Turawa masu tsere a hamada suka bar wata mota a garajin wani abokina, mai shan esans, wato fetur, an yi wa injinta aiki na musamman don gudu. Tambaya ɗaya na yi masa: "Doki nawa ce?" Ya ce dawakinta sun ninka na tawa. Ban ƙara tambayar komai ba. Na ba da motar kakanka na karɓi waccan.

Wata uku ina ji da kaina. A kan gudron, kwaltar Arlit, da allurar tur mai nuna juyin inji ta wuce dubu huɗu sai ka ji kamar an tunkuɗo ka ta baya. Na dai lura da wani hali nata: in inji yana juyawa a hankali ba ta da kuzari ko kaɗan, kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na ɗauka ƙaramin abu ne.

A bazarar nan innarka tana da cikinka, ta tafi Dabaga wurin iyayenta. Naƙuda ta zo mata da gardama, yini da kwana. Da safe aka aiko mini, na je, ungozoma ta ce a kai ta likita Agadas ba tare da jinkiri ba. Muka kwantar da ita a baya, kakarka tana riƙe da kanta. Rana ta take sa'ad da muka iso mashigin kori, busasshen rafin nan, ka kuwa san rairayin wurin da zafin rana, laushi kamar gari.

Na shiga da bitas, wato giya, ta uku. A tsakiyar kori inji ya fara nishi, allura ta faɗo ƙasa da dubu biyu, inda motar ba ta da komai. Na firgita, na koma ta ɗaya, na taka wuta har ƙasa. Allura ta haura, duk dawakin nan suka zo a lokaci guda, ƙafafu huɗu suka shiga tonon rami. Kafin in ɗaga ƙafata mota ta zauna da cikinta. Na yi gaba, na yi baya, ina wasa da ambirayaj, wato kuloci, har warin ƙuna ya cika motar. Shi ke nan, ya ƙone.

Kakarka ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Sule, yarinyar nan fa ta daina magana."

Ina durƙushe ina tonon rairayi da hannu, ban ma san abin da nake nema ba, sai ga wani dattijo mutumin Timia mai jigilar albasa, Agali sunansa, da wata katkat ta gazuwal da ta fi ta kakanka tsufa. Ya tsaya a bakin kori ya ce, "Wa ke ciki?" Na ce, "Matata ce, naƙuda." Ya sauke buhuna ya bar su nan a rana, ya rage iskar ƙafafun motarsa, muka ɗauko innarka. Rairayin da ya haɗiye ni, shi ya ratsa da bitas ta biyu, ƙafarsa ba ta motsi a kan wuta, inji yana gurnani ƙasa-ƙasa, allura a tsaye wajen dubu biyu. Ka ce kan tabarma yake tafiya.

Da la'asar ka zo duniya. Lokotoro ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, da ɗayanku ko ku biyun ba ku kai ba. Da na je yi wa Agali godiya, sai ya ce mini, "Motarka tana da ƙarfi, ɗana, amma ƙarfin yana can sama inda ba ka zama. Tawa nata yana nan ƙasa inda nake aiki kullum."

Shekaru na yi ina gaya wa mutane kori ne ya ci motar. Innarka ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban kowa ba, amma ta ji warin nan kamar yadda na ji shi.

Saboda haka, Attahiru, duk wanda ya gaya maka dawakin mota, bai gaya maka ko rabin labari ba. Ka tambaya: a tur nawa? Ƙasa da nan kuma me take da shi? Adadin da ake alfahari da shi wuri ɗaya ne tak, can kusa da jan layin da ke ƙarshen tafiyar allura, direba kuwa ba can yake yini ba.

Kuskurena na biyu daga na farko ya fito. Na rabu da waccan mota, na samu ta gazuwal, na kuma rantse a raina ba zan ƙara bari inji ya yi ihu a hannuna ba. Da na tashi sai in yi maza in kai bitas ta biyar in zauna a can. Ina yi wa samari dariya in na ji sun ja inji. Na ɗauka na zama Agali.

Kana da shekara shida, an bar ka gida, muka tafi biki Tawa, mota cike da dangi, gwaggonka Hajara tana zaune a gaba kusa da ni. Bayan Abalak muka tarar da wata doguwar kamiyo, babbar motar kaya, tana jan jiki. Na leƙa, na hango wata tana tahowa amma da nisa, na ce zan wuce. Na fita ina cikin ta biyar, allura ƙasa, na taka wuta. Mota tana ƙara gudu, amma a hankali, kamar ana roƙonta. Na kai rabin kamiyon, wadda ke tahowa ta fara kunna mini fitila. Hannuna yana kan bitas, amma al'adar shekara shida ta riƙe shi, ban rage ba. Hajara ta ce, "Yaya! Yaya!" Ba gaba, ba baya, sai na karkata hagu na sauka daga gudron gaba ɗaya. Muka faɗa wani kwari, muka tsaya cikin ƙaya.

Ba wanda ya mutu. Amma hannun Hajara ya bugi ƙarfe ya karye a wuyan hannu, bai kuma ɗoru daidai ba. Kai da kanka ka sha ganin ƴaƴanta suna ɗaga mata tulu. An gaya muku faɗuwa ta yi. Ni na kayar da ita.

Da na koma ta huɗu, ko ma ta uku, na bar inji ya haura inda dawakinsa suke, da na wuce kamiyon nan da sauran fili. Don haka kada ka raina dawaki don ka ji labarin Dabaga. In kana son mota ta ƙara gudu yanzu-yanzu, wurin wuce wata ko fitowa daga kwana, rage bitas ka kai allura sama. Inji mai lafiya ba ya mutuwa don ya yi ihu na ɗan lokaci. Danne shi da kaya a tur kaɗan, yana kakkarwa, shi ma cuta ne.

Na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ka san shi, don kai na yi wa.

Kana shekarar ƙarshe a lakwal ɗin koyon sana'a ka zo mini da wata takarda, kana murna. Ina zaune da abokaina muna shan shayi a ƙofar garaji. Ka durƙusa ka ce, "Baba, dubi wannan. In ka iya karanta layukan nan biyu, za ka san halin inji tun kafin ka tuƙa shi." Ban karɓa ba. Na ce a gabansu, "Ku ji fa, takarda za ta koya mini mota. Ranar da ka kafe a rairayi sai ka shimfiɗa ta ƙarƙashin ƙafa." Suka yi dariya. Ka naɗe ta ka shiga ciki. Bayan wata biyu, ko sakamakon jarrabawa ba ka jira ba, ka bi masu zuwa zinariya. Ka ce wa innarka za ka je ka koyi rairayi tunda shi kaɗai ne ilimi a gidan nan.

Gaskiyar magana, tsoro ne ya sa na faɗi haka. Na hangi layuka da lambobi, na san ba zan gane ba, ban kuma so a ga haka a fuskata ba.

Bayan tafiyarka da kusan shekara biyu, ina neman wani kile na kwance noti a akwatin kayan aikinka, sai na ci karo da ita a naɗe, mai ya ɓata gefenta. Na yi kwanaki ina ɗauke da ita a aljihu. Rannan na tafi gidan malaminku, Mushe Kalla, na same shi a zaure bayan azahar. Na ce, "Mushe, ni ne uban Attahiru. Na zo a koya mini wannan."

Bai nuna mamaki ba, Allah ya saka masa. Ya shimfiɗa ta a tabarma ya ce lambobin ƙasa, daga hagu zuwa dama, su ne tur, wato sau nawa inji yake juyawa a minti. Sai ya ce, "Malam Sule, ka taɓa ganin ban ruwa a garka, lambun nan na rijiya?"

Na ce, "Surukaina ƴan Dabaga ne."

Ya ce, "Madalla. Raƙumin da ke jan guga daga rijiya. Yawan ruwan da yake ɗagowa a ja ɗaya, shi ne wannan layi na farko, kupul, ƙarfin murɗawar inji a kowane juyi. Sau nawa yake zuwa ya dawo, shi ne tur. Ruwan da ya isa fangali kafin rana ta yi zafi kuwa, shi ne layi na biyu, dawaki. Na farko ne ake ninkawa da tur a samu na biyu. Ba abu biyu ba ne daban."

Na ce, "Ke nan babban guga a hankali da ƙaramin guga da sauri suna iya ba da ruwa ɗaya."

Ya ce, "Ka gama ganewa. Yanzu kora raƙumin da gudu. Guga ba zai samu lokacin cika ba, zai fara zuwa da saura. Haka inji, in juyi ya yi yawa ba ya samun shaƙar iska ta ishe shi, shi ya sa ka ga layi na farko ya hau, ya yi tudu, ya fara gangarowa. Amma da yake sawun ya ƙaru, ruwan fangali yana ci gaba da ƙaruwa, layi na biyu yana ta hawa. Sai an kai inda guga yake zuwa kusan wofi, sannan shi ma ya lanƙwashe. Bayan nan duk gudun da raƙumi ya yi wahala ce kawai."

Na tambaye shi bitas fa. Ya ce ita musaya take yi: tana karɓar juyi mai yawa daga inji ta mayar da shi murɗa mai ƙarfi a ƙafa. Shi ya sa a gudu ɗaya, bitas ɗin da ta kai allura kusa da ƙololuwar dawaki ita ce ta fi tura mota.

Daga nan ban san lokacin da na kwashe labarin Dabaga da na Abalak na gaya masa ba, abin da ban taɓa gaya wa kowa daidai ba. Ya ɗauki fensir ya juya bayan takardar. Ya zana layin motar Turawan nan: kwance a ƙasa kamar mushen dabba har dubu huɗu, sannan ya miƙe tsaye kamar bango. Ya zana na motar Agali: ya hau tun da wuri, ya yi tudu mai faɗi. Ya sa yatsa a gindin bangon, sannan a samansa, ya ce, "Nan ka nutse, nan kuma ka tona rami. Tsakaninsu ba ka da wurin tsayawa." Attahiru, na ga korin nan a takarda. Abin da na ɗauki shekara ashirin da wani abu ina juyawa a raina, ga shi mutum ya zana shi da fensir kafin shayi ya huce. Kuma kai ka kawo mini shi har ƙofa na kore ka.

Ban daɗe da zuwa wurinsa ba aka daina jin ɗuriyarku, lokacin da motarku ta lalace a hamadar Tenere. Kwana tara. Innarka tana kuka a fili, ni ina zuwa tasha kullum ina tambayar duk wanda ya sauko daga arewa. Abin da ya fi cin raina shi ne kada ka tafi kana ganin har yanzu dariya nake maka. Ranar da aka sauke ka a ƙofar gida, ka rame, leɓɓanka sun tsage, na riƙe kafaɗarka na ce, "Sannu da hanya." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Wata huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya ban ƙara komai a kai ba.

To, yau na ƙara. Kai ne da gaskiya, ni ne da kuskure. Ka yafe mini.

Ga abin da nake so ka riƙe a wurin aikinka, daga wanda ya koya a makare. Masu motocin nan za su zo maka da irin tambayata, doki nawa za ka ƙara mini. Kafin ka taɓa komai ka tambayi mutum inda motar take rayuwa, filin tsere ne ko cunkoson kasuwa, gudron ne ko rairayi. Kada ka saci ƙarfin ƙasa ka kai sama don lamba ta yi kyau a takarda. Tudu mai faɗi ya fi tsini mai tsawo, don duk lokacin da aka canza bitas allura faɗowa take yi, kuma dole ta faɗo a kan ƙarfi, ba cikin rami ba. Ka nuna masa da yatsa inda zai canza, kaɗan bayan ƙololuwar dawaki in jan layi ya bari, da inda allura za ta sauka. In injin mai turbo ne, ka dubi yadda ƙarfin yake shigowa. Wanda yake zuwa gaba ɗaya kamar mari, shi ne yake juya bayan mota a kwana, kuma mai ita yana da uwa a gida kamar taka.

Mushe ya ce in tuna maka, in za ka gwada kafin aiki da bayan aiki, ka yi a na'ura ɗaya, cikin zafi iri ɗaya. Awon sanyin safiya ba ya zama shaida a kan zafin azahar na watan Afrilu, don iska mai zafi ba ta ƙosar da inji. Ka kuma faɗa wa mutum ko a ƙafa aka auna ko a inji, kada ka bar shi ya tafi da lambar da ba tasa ba. Ni kuma nawa ƙarin: in allon na'ura ya ce lafiya, kunnenka ya ce akwai ƙwanƙwasa, ka ɗaga ƙafa ka bincika. Shekara biyun da ka yi a rairayi ba su tafi banza ba, akwai abin da ka sani wanda abokan aikinka ba su sani ba, amma kada ka yi musu abin da na yi maka. Kuma don Allah kada ka gwada motar mutane a titin gari. An yi na'urar ne don mota ta yi gudu tana tsaye.

In wani wanda bai kai ka shekaru ba ya miƙo maka abin da ba ka gane ba, ka karɓa da hannu biyu ka ce a koya maka.

Ina da roƙo ɗaya. Injin farko da za ka ɗora a na'urar nan da hannunka, ka ɗauki hoton takardarsa ka turo a salular ƙanwarka, amma kada ka rubuta mini bayani. Ina so in karanta da kaina in gaya maka halin motar, kai kuma ka ce mini na ci ko na faɗi.

Innarka tana gaishe ka, ta ce cukun da ta sa maka na ci ne, ba na rabo ba. Gwaggonka Hajara ta sa maka albarka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaida maigidanka da kyau in ka isa, ka kira mu da zarar kun sauka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a hannunka, ya kare duk wanda zai hau motar da ka taɓa. Allah ya sada mu da alheri, amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule